Kujerar Majalisar Iyaye da Sunan Ɗana na Fari

Da sunan Allah nake farawa, tsira da aminci su tabbata ga wanda muke zaune a maƙwabtakarsa. Malam edita da masu karatu, ina yi muku sallama daga Madina.

A lokacin da abin nan ya faru ni direban bas ne, ina ɗauko alhazai da masu umara daga filin jirgi ina kai su masaukinsu kusa da Harami. Bahaushen Sudan ne ni. Kakanninmu sun baro ƙasar Hausa da ƙafa da niyyar hajji, guzuri ya ƙare musu a bakin Kogin Nilu, suka zauna noma, niyyar ta zama gado, har Allah ya nufa ni na ƙaraso. A hannun kakana na yi karatun allo, shi ya koya mini ajami, kuma da ajamin na rubuta wannan, wani ɗan'uwa ya mayar mini da shi boko. Ina zaune a unguwar Harra ta Yamma da matata da 'ya'yanmu a gidan haya. Mutum ne ni mai gudun hayaniya. Daga aiki sai masallaci sai gida, in an gan ni a taro to ɗaurin aure ne ko gaisuwar mutuwa.

Akwai abin da na taso da shi wanda sai na faɗe shi kafin a gane sauran labarin. A garinmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya yabonsa. In an ce maka yaron nan naka akwai ƙoƙari, sai ka sunkuyar da kai ka sauya magana. Ni ma ɗan fari ne, kuma har mahaifina ya koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Amma abin bai taɓa yi mini ciwo ba, domin a ɗakin kakata na tashi, ita ke kirana mijinta tana yi mini tsiyar ban kawo cefane ba, kakana kuma yana ɓoye mini tsoka a ƙarƙashin akushi. Da Allah ya ba ni nawa ɗan farin a nan Madina, sai na yi yadda na ga an yi. In zan kira shi in ce kai, in zan ambace shi ga uwarsa in ce yaron nan, ga ƙannensa kuma in ce yayanku. Shi kuma yana ce mini yaba, irin na mutanen Sudan. Ina yi masa Hausa yana ba ni amsa da Larabci kamar sauran 'ya'yan da aka haifa a nan. Ban taɓa zaton akwai abin da ya yi saura a tsakaninmu ba.

'Ya'yana suna karatu a wata makaranta da 'yan ƙasarmu mazauna Madina suka kafa ta wajen unguwar Ƙiblatain, ana bin manhajar gida. Makarantar tana da majalisar iyaye da ake zaɓa lokaci-lokaci, ita ke zama da mudir, wato shugaban makaranta, a yanke abin da za a buɗe da abin da za a rufe. A wannan shekara sai magana ta fito cewa za a rufe ajin ƙarshe na sakandaren maza, wai ɗaliban sun yi kaɗan. Masu hali za su kai nasu Jidda ko Masar. Irinmu kuwa sai dai yaro ya ajiye karatu ana saura taki ɗaya ya ɗauki shahada, wato takardar gama sakandare. Yaron nan nawa shi ne zai shiga wannan aji in shekara ta zagayo, kuma kansa yana ja, musamman a lissafi. Na taɓa ji daga ɗaki yana gaya wa uwarsa yana son ya zama injiniya.

Ina da wani maƙwabci, Bahaushen Chadi, mai gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Mutum ne mai baki, ba ya barin magana ta kwana a cikinsa. Shi ya tare ni a ƙofar masallaci bayan la'asar ya ce mu Hausawa mun fi kowa 'ya'ya a makarantar nan, amma in an zo zaɓe sai mu lallaɓa layin baya mu zauna kamar masu jiran a ba su sadaka. Ya ce ni da nake shawo kan alhazan ƙasashe daban-daban a bas ɗaya, kowa na ihun jakarsa da harshensa, majalisar iyaye ba za ta gagare ni ba. Na ce masa ya rufa mini asiri, ni ko limancin mutum biyu ba na so. Ya ce to shi ke nan, in zauna, baɗi war haka shi zai ɗauki injiniyan nawa ya riƙa riƙe masa tsani, dama yana neman mai tsawo. Wannan magana ita ta tayar da ni. Na yi istihara, na je na ba da sunana.

Makonnin da suka biyo baya na sha shayin da ban sha ba a rayuwata. Muka bi gidajen iyaye ɗaya bayan ɗaya, ni da maƙwabcin nan, daga Harra har lungunan Ƙiblatain. Muka tsaya a baƙala, wato shagon unguwa, muka tsaya a layin masu sayen tamis da ful, gurasa da wake ke nan, da safiyar Juma'a, shi yana surutu ni ina gyaɗa kai. Wanda ya fi kowa yi mini aiki kuwa shi ne yaron nan. Shi yake rubuta mini saƙonni ya tura zauren iyaye na waya, shi ya gyara mini jawabin da zan yi, ya zaunar da ni yana sa ni maimaitawa, yana dariya wai Larabcina na manoman bakin kogi ne, in na yi shi a gaban mudir za a ɗauka dawa na zo sayarwa. Ni ma ina dariyar, amma ina juya fuska. Ban taɓa zama da shi kusa haka ba. Wata rana ya tambaye ni me ya sa na shiga wannan wahala alhali ni ba mai son taro ba ne. Na ce masa don 'ya'yan jama'a. Ya jira ko zan ƙara wani abu, ban ƙara ba. Ranar zaɓe shi ya goge mini jallabiya, shi ya naɗa mini rawani, ya ja baya ya dube ni ya ce yau yaba ya zama wazir.

An yi taron bayan la'asar a farfajiyar makaranta. An shimfiɗa dardumai, an jera kujeru, manyan ɗalibai suna zagayawa da gahawa da dabino, yaron nan yana cikinsu, shi ke riƙe da butar gahawa. A layin gaba aka zaunar da dattawa, ciki har da wasu tsofaffi na garinmu waɗanda suka san mahaifina. Mudir mutumin kirki ne, mai barkwanci, kuma shi ya kawo wata dabara don a san juna. Ya ce kowane ɗan takara ya fito, a kira shi da alkunyarsa, ya kira ɗansa ya tsaya kusa da shi, don iyaye su ga cewa mai neman kujera yana da abin da zai kare a makarantar. Kun san Larabawa, su da sunan ɗan fari ake girmama mutum, a ce Abu wane. Na farko ya fito aka kira shi Abu wane, ya kira ɗansa da ƙarfi ya dafa kafaɗarsa. Na biyu har sumbatar goshin nasa ya yi, aka yi tafi.

Da aka zo kaina mudir ya ce shi dai ya san ni da Alhaji direba, yau kuma yana son ya ji Abu wa za a ce. Na ɗaga kai na ga tsofaffin garinmu sun zuba mini ido. Na ga yaron nan a gefe, ya riga ya sauke butar a kan tebur, ya goge hannunsa a jikin rigarsa, ya matso taki ɗaya. Wallahi na gan shi. Sunan yana kan harshena, nauyinsa kamar dutsen Harra. Sai na ji bakina ya faɗi sunan ƙaninsa, ƙaramin da ke firamare. Yaron ya taho da gudu, na dafa kansa. Ɗaya daga cikin tsofaffin ya gyaɗa kai ya ce da Hausa, ɗan halas, kunyar gidansu ba ta bar shi ba. Mudir ya yi ɗan turus, ya nuna wancan ya ce shi a saninsa dogon nan mai gahawa ai nawa ne, ko kuwa ya yi kuskure. Na sunkuyar da kai na ce shi ma yana gidanmu. Haka mahaifina yake amsawa in an tambaye shi ni. Wasu daga cikin ɗaliban da ke tsaye a baya suka yi dariya ƙasa-ƙasa.

Na yi jawabina yadda aka koya mini, ban tsallake kalma ba. Na ce kada a rufe wa yaro ƙofa yana bakinta. Aka yi tafi, aka jefa ƙuri'a, na ci. Mutane suka taso suna ce mini mabruk, maƙwabcina yana rungume ni yana cewa yau Hausawa sun bar layin baya. Ina zaune a cikin wannan hayaniya sai ga yaron nan ya zo da buta a hannun hagu, finjali a dama, kamar yadda ake yi wa baƙo. Ya zuba, ya miƙo mini, ya ce in sha, ya kira ni ya Hajj. Ba yaba ba. Ya tsaya a kaina har na shanye na girgiza finjalin alamar ya ishe ni, ya karɓa ya wuce na gaba. Na lura, amma na ce a raina gajiya ce.

Tun daga wannan rana ban sake jin yaba a bakinsa ba. Bai yi mini rashin kunya ba, bai ɗaga murya ba. In na aike shi ya je, in na shigo ya tashi tsaye, in na yi magana ya ce hadir, wato an gama, ya Hajj. A bakin ƙaninsa muka ji cewa abokansa sun sa shi gaba a makaranta, suna tambayarsa a ina aka tsince shi, wasu na ce masa ɗan haya, wai nawa yake biyan Alhaji kuɗin ɗaki. Uwarsa ta same ni ta ce in kira yaron nan in yi masa bayani. Ita ma ba ta kiran sunansa, amma ita tana da hanyoyinta, ta shafa kansa in zai fita, ta ajiye masa ƙasan tukunya. Ni ba ni da ko ɗaya. Na ce mata yaro ne, in ya girma zai gane, mu wa ya yi mana bayani. Ta dube ni ta ce mu a gaban kakanninmu muka girma, shi kuma a gaban wa. Na ji maganar, na ɗauki makullin bas na fita.

A zaman majalisa na yi abin da ya kai ni. Na yi ta naci, na bi iyaye, muka sami malaman da suka yarda su haɗa darussa, aka bar ajin a buɗe. Ranar da aka yanke hukuncin na dawo gida da labari, na faɗa a gaban kowa muna cin abinci. Yaron nan ya ce ma sha Allah, 'ya'yan jama'a sun ji daɗi. Kafin a dawo daga hutu ya gaya wa uwarsa shi ya gama karatu. Ya sami wani mai garejin gyaran motoci a garin Yanbu da zai ɗauke shi, ya mayar da iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, can. Maƙwabcina ya je ya same shi, ya rantse masa cewa duk yawon nan da muka yi dominsa aka yi, ya gaya masa maganar tsani da komai. Yaron ya saurara har ƙarshe, ya ce Allah ya saka wa Alhaji da alheri. Maƙwabcin ya ce mini yadda ya faɗe ta kamar wanda aka ba hanya a titi ya ɗaga hannu.

Na yi ƙoƙari sau ɗaya. Ranar da zai tafi na kai shi tashar mota, muna zaune a gaba mu biyu, na fara yi masa bayanin al'ada, na kawo masa labarin mahaifina. Ya ce ya sani, umma ta gaya masa tun yana ƙarami, kuma a gida abin bai taɓa damunsa ba. Ya ce amma ranar nan ya ga na dubi tsofaffin can na dube shi, na auna, na zaɓa. Ya tambaye ni a cikin tsofaffin nan wane ne ya naɗa mini rawani. Ya sumbaci kaina kamar yadda ake yi wa kowane dattijo a garin nan, ya ɗauki jakarsa. Ko a nan da na kira sunan wataƙila da an sami wani abu. Na ce masa kai, ka riƙa salla a kan lokaci.

Abin da ya biyo baya ban san sunan da zan ba shi ba. Ban yi kuka ba, ban yi fushi ba, ban daina cin abinci ba. Kun san yadda ƙafa take in mutum ya daɗe a zaune a kanta wajen karatu, ka taɓa ta ka ji kamar ta wani? Haka na zama gaba ɗaya. Na ci gaba da zuwa zaman majalisa har wa'adina ya ƙare. Hanyar ofishin mudir ta gaban ajin nan take bi, in wuce in ga 'ya'yan mutane a zaune suna lissafi, in ji ba komai. Iyayensu suna tare ni a masallaci suna yi mini addu'a, ina cewa amin. A filin jirgi ina ganin tsofaffi suna saukowa, 'ya'yansu na riƙe da hannunsu, suna kiran juna da suna, ina loda musu kaya in ja mota. Da aka ce in sake tsayawa na ce a ba wani. Wasu daga cikin yaran ajin nan yanzu sun zama abin da suka zama, kuma ina yi musu murna da baki, Allah ya sani ba na yi musu baƙin ciki. Zuciyar ce kawai ba ta motsi.

Shekaru sun wuce. Ya iya aikinsa, ya yi aure a can, yana aiko wa uwarsa abin da ya samu, yana kiranta a waya, in ta miƙo mini mu gaisa mu ajiye. Bara ya zo ziyara da matarsa da ɗansu na fari. Na ga yadda yake ɗaga yaron sama yana kiran sunansa sau goma a zama ɗaya, abokansa na kiransa Abu wane yana amsawa da fara'a. Ranar da za su koma muka yi sallar la'asar a Harami. Bayan an idar ya yi mini sallama a farfajiya, ya saɓa ɗansa a wuya ya nufi wajen mota. Ina tsaye ina kallon bayansa, sai na tuna cewa wanda ke kwance a ƙarƙashin koriyar kubbar nan, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana saɓa jikokinsa, yana sumbatar yara a gaban sahabbansa, kuma babu wanda ya kai shi kunya. Shekara da shekaru ina maƙwabtaka da shi ban ɗauki wannan ba.

Sai na buɗe baki na kira sunan. Muryar ta fito kamar ba tawa ba. Suna ne da ya yi yawa a cikin Musulmi, mutane da dama suka waiwayo. Shi ne na ƙarshen waiwayowa, don bai san sunansa a muryata ba. Ya dawo a hankali ya tsaya a gabana ya ce na'am, ya Hajj, ko akwai abin da nake bukata. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ya ce amin, ya tafi.

Ban rubuto wannan don in zagi al'adarmu ba. Kunyar ɗan fari abu ne mai kyau a inda aka haife ta, domin a can ba ita kaɗai take tafiya ba. Uba yana ja da baya ne saboda ya san akwai kaka da za ta matso, akwai gwaggo da kawu, akwai gari guda da ya san ma'anar shirunsa, kuma zai fassara wa yaro. Mu da muka yi ƙaura mun ɗauko shirun mun baro masu fassara shi. 'Ya'yanmu a nan suna girma cikin mutanen da ke ɗaukar sunan ɗa su ɗora a kan nasu, kuma da wannan mudu suke auna mu. Na kuma gane cewa mutum zai iya yi wa ɗansa yawon gari guda, ya buɗe masa aji, in bai gaya masa dominsa ne ba to 'ya'yan jama'a ya yi wa.

Ina kira ga iyaye 'yan'uwana da ke zaune a ƙasar da ba tasu ba, musamman masu shiga harkar makarantun 'ya'yansu. Kafin ka tsaya a gaban taro ka yi magana a madadin yara, ka tabbata naka ya ji daga bakinka cewa naka ne. In harshenka ya yi nauyi a gaban dattawa, ka kira shi a ɗaki, ka kira shi a mota, tun yana jiran ya ji. Tsofaffin da na ji kunyarsu ranar nan duk sun riga mu gidan gaskiya, suna kwance a Baƙi'a, Allah ya jiƙansu. Babu wanda ya sake tuna abin da na faɗa a farfajiyar makarantar nan sai mutum ɗaya. Yanzu ina kiran sunansa a kowace sujada, ya yi mini sauƙi a baki, amma a can ba ya ji. Wanda ya karanta ya sa mu a addu'a, ni da shi.